CentOS ta tafi: wace Linux za ka ɗora wa sabarka?

Ranar 1 ga Yulin 2024, ko karyawa ban yi ba, wani ƙanina a sana'a ya kira ni hankali a tashe. Sabar da ke ɗauke da shafin duba sakamako na wata makaranta ta daina karɓar fakiti, wato ƙunshin manhaja, duk sanda ya buga umarnin sabuntawa na `yum update` sai ta ce ba ta san hanyar rumbu ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, injin lafiyarsa ƙalau. CentOS 7 ce wa'adinta ya cika ranar 30 ga Yuni, aka rufe adireshin da yum ke zuwa neman jerin rumbunan fakitoci. Muka juya ta zuwa vault.centos.org, inda ake jibge tsoffin kaya, ƙorafin ya ɓace. Amma ni da shi mun san kwaskwarima muka yi, domin daga ranar babu wani facin tsaro da zai ƙara zuwa. Sai ya yi mini tambayar da har yau nake shan ta daga bakin mutane daban-daban: "To Yaya, yanzu me za mu saka?"

Sunaye huɗu ne ke yawo, AlmaLinux, Rocky Linux, Debian da Ubuntu, amma gida biyu ne. Alma da Rocky 'yan gidan Red Hat ne, Ubuntu kuwa daga cikin Debian ta fito. Wanda ya zaɓi gida ya gama mafi yawan aikin, abin da ya rage masa zaɓi ne tsakanin 'yan ɗaki ɗaya.

Ga wanda ya shigo harkar daga baya, sai na ɗan koma baya, saboda tarihin shi ke nuna halin kowace. CentOS kwafin Red Hat Enterprise Linux ce, wadda muke kira RHEL, an cire tambari an raba kyauta. Shekara da shekaru ita ce tuwon masu haya da sabobi: kayan da bankuna ke biyan kuɗi a kai, da facin shekara goma, ko sisi ba ka bayar ba. Red Hat ta jawo aikin jikinta a 2014, IBM ta sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34, sai a Disambar 2020 aka wayi gari da sanarwar cewa CentOS 8, wadda aka ce za a kula da ita har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Abin da aka bari da sunan shi ne CentOS Stream, wadda ke tafiya gaban RHEL maimakon bayanta. A cikin wannan hayaniya Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya assasa Rocky, ya sa mata sunan marigayi abokin aikinsa Rocky McGaugh. Kamfanin CloudLinux kuma ya fito da AlmaLinux a Maris 2021, ya miƙa ta ga wata gidauniya da ba ta neman riba. A Yunin 2023 Red Hat ta ƙara ja da igiya, ta daina saka asalin rubutun fakitocin RHEL a inda kowa ke ɗauka. Nan 'yan uwan biyu suka raba hanya, zan dawo kan wannan.

Debian ba ta san wannan rikici ba. Ian Murdock ya fara ta a 1993, har yau kuma masu sa kai ne ke tafiyar da ita, su zaɓi shugabansu da ƙuri'a. Babu kamfanin da zai saye ta ya canza mata doka. Ubuntu ta zo a 2004 daga Canonical, kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu.

Shekara goma a zaune, ko tsani

A ganina babban bambancin gidajen biyu ba ya cikin sauri ko tsaro. Ka ɗora manhajojin da ke tafiyar da shafi, Nginx da PHP da MariaDB, a kan kowace daga cikin huɗun, mai ziyartar shafinka ba zai taɓa gane wadda ke ƙasa ba. Bambancin yana cikin yadda kowace ke tsufa, da irin ranar da za ta nuna maka idan wa'adinta ya zo.

Gidan Red Hat na ba ka shekara goma. Bugu na 8 zai kai 2029, na 9 zai kai 2032, na 10 da ya fito a 2025 zai kai 2035, Alma da Rocky kuma na bin wannan jadawali. Ka saka, ka saita, ka riƙa karɓar faci, babu abin da zai motsa a ƙarƙashinka. Ga ma'aikatar da ke da manhajar biyan albashi da aka rubuta sau ɗaya aka sallami mai rubutawa, wannan babbar rahama ce. Sai dai shekara goma na da nata sharrin. A cikinta wanda ya saita sabar ya canza aiki, takardar da ya rubuta bayani ta ɓata, kowa ya manta dalilin wani layi da ke cikin crontab. Ranar da wa'adi ya cika sai ka iske kanka a bakin rami: CentOS 7 ta zo da PHP 5.4 da kanel (zuciyar Linux) 3.10, duniya kuwa ta kai PHP 8. Tsallen ba ƙarami ba ne. Akwai kayan aikin ELevate na AlmaLinux, wanda aka gina a kan Leapp na Red Hat, yana iya ɗaga CentOS 7 zuwa bugu na 8 ba tare da an goge faifai ba, daga nan kuma zuwa 9. Yana aiki, na gwada, amma yakan tsaya a kan duk fakitin da ka jawo daga rumbun waje, kuma kowace tsayawa tana cin yini. Rocky ma a fili take faɗa cewa ba ta goyon bayan irin wannan ɗagawa, sai dai ka saka sabuwa ka kwashe kaya.

Debian na fitowa kusan kowace shekara biyu: 11 a Agustan 2021, 12 a Yunin 2023, 13 a Agustan 2025. Kowane bugu na samun kimanin shekara uku daga ainihin rukunin tsaro, sai rukunin LTS, masu kulawar dogon zango, ya ƙara biyu, jimilla biyar. Rabin na Red Hat ke nan, amma hawa daga bugu zuwa bugu abu ne da Debian ta goge a kai tun da daɗewa. Ka karanta bayanin fitowa, ka canza sunan bugu a cikin `sources.list`, ka yi `apt update`, sannan `apt full-upgrade`, ka sake kunnawa. Ina da sabar da ta hau bugu uku a jere a haka, ba a taɓa goge ta ba. Sharaɗin shi ne ba a tsallake mataki, kuma kowane hawa na zuwa da ɗan ciwo: daga 11 zuwa 12 PHP ta tashi daga 7.4 zuwa 8.2, tsoffin shafuka da dama suka yi fari fat. Amma ciwo ne na yini ɗaya, a lokacin da kake tuna yadda ka haɗa komai.

Ubuntu na da jadawali kamar agogo, bugun LTS a watan Afrilu duk shekara biyu: 20.04, 22.04, 24.04. Shekara biyar kyauta, goma idan ka yi rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga inji biyar na amfanin kai, kuɗi kuma bayan haka. Umarninta na hawa, `do-release-upgrade`, har ƙofa ta biyu ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, yake buɗewa a lamba 1022 ko da ta farko za ta katse ana tsakiyar aiki, abin da duk mai fama da netwok irin namu zai yaba. Akwai tarko ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba. Alkawarin shekara biyar ɗin ya shafi rumbun `main` ne kawai. Abin da ke cikin `universe`, kamar MariaDB, Redis da fail2ban, facinsa na dogara ne ga masu sa kai, sai in kana da Pro. Na sha ganin saba da ake sabuntawa kullum ba fashi, mai ita yana barci da munshari, alhali rumbun bayanansa na zaune a kan fakitin da ba wanda ya yi alkawarin kula da shi.

To tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce, wa zai zauna gaban wannan saba nan da shekara huɗu? Idan kai ne, ko wani da ka horar, tsanin Debian ya fi sauƙi. Idan kwangila ce za ka miƙa ka tafi, kuma ka san babu mai taɓawa sai ta mutu, ka bar musu shekara goma da `dnf-automatic`, mai saka faci da kansa, a kunne, ka sauke nauyinka.

Abubuwan da ke yanke hukunci tun kafin a tambayi ra'ayinka

Sau da yawa zaɓin ba ma a hannunka yake ba. Na farko shi ne fanel, wato shafin da ake sarrafa saba da shi ta burauza. cPanel ba ta hawa kan Debian, ko kusa. A gidan Red Hat ta girma, daga baya ta karɓi Ubuntu LTS, amma duk wanda ya yi aiki da ita ya san ta fi sakewa a kan AlmaLinux. Idan kana sayar da masauki ga mutane da yawa a kan inji ɗaya, kana son CloudLinux ta killace kowane kwastoma a kejinsa don kada shafin mutum ɗaya ya shanye ƙarfin kowa, to hanyar ta Alma ce, magana ta ƙare. Sai dai ka lissafa kuɗin. Tun 2019 cPanel ta koma cajin lasisi bisa yawan asusu, da dala ake biya, kwastomominka kuma da naira suke biyanka. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake lissafawa kan ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024. Masu ƙananan kamfanonin masauki da yawa a lokacin ne suka fara kallon fanel na kyauta, a nan kuwa ma'aunin ya juya: HestiaCP a kan Debian da Ubuntu kaɗai take zama, ISPConfig ma can ta fi daidaita. Virtualmin, DirectAdmin da Plesk na hawa gidajen biyu.

Na biyu, manhajar da za ta zauna a kai. Idan mai sayar da kaya ya ce a kan RHEL kawai yake ba da tallafi, ba ka da ta cewa. FreeIPA, mai kula da asusun masu shiga, ma a gidan Red Hat take da cikakken gata. Ta ɗaya ɓangaren, Koha da ɗakunan karatu na jami'o'inmu ke amfani da ita fakitocinta na Debian ne. DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke tattara alƙaluma da ita, jagorar sakawarta a kan Ubuntu LTS aka rubuta. Proxmox, mai raba inji ɗaya zuwa injunan gaibu, a kan Debian aka gina ta. FreePBX ta tsarin wayar ofis, wadda ta yi shekaru a kan dangin CentOS, ta koma Debian 12 a bugunta na 17. Ka buɗe takardar masu manhajar ka ga wace Linux suka yi misali da ita, ka bi su. Ranar da abu ya lalace ƙarfe biyun dare, za ka so umarnin da ke cikin jagora ya yi daidai da abin da ke gabanka.

Na uku shi ne ƙarfen kansa, kuma wannan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Turawa. Sabobin da ke ofisoshinmu da yawa 'yan gwanjo ne, irin su HP ProLiant Gen8 da Dell PowerEdge R720, injuna masu ƙwari da suka jure zafi da ƙura da ɗauke wuta. RHEL 9 na buƙatar furosesa mai matakin x86-64-v2, waɗannan sun cika. RHEL 10 kuwa ta ɗaga sharaɗin zuwa v3, wato sai furosesa mai AVX2, wanda Intel ta fara sakawa a zubin Haswell na 2013. Yawancin Gen8 da R720 ba su da shi, sai Gen9 da R730. Rocky 10 ta bi RHEL a kan wannan, ba za ta tashi a tsohon inji ba. AlmaLinux 10 ta yi wani zubi na daban na v2 domin irin waɗannan injuna, kuma tun bugu na 8.10 da 9.4 ta dawo da direbobin tsoffin katunan RAID da Red Hat ta zubar. Debian da Ubuntu ba su sa wannan shinge ba. Kafin ka sauke faifan sakawa na gigabait masu yawa da datarka, ka buga `grep avx2 /proc/cpuinfo`, in babu amsa ka san matsayinka. Ko a cikin Proxmox abin na cizo: idan ka bar nau'in furosesar inji na gaibu a yadda ya zo, bugu na 10 zai ƙi tashi ko da ƙarfen sabo ne, sai ka mayar da shi `host`.

Zaman yau da gobe

Sauran bambance-bambancen na sabo ne, amma sabo na da tsada. A gidan Red Hat Apache sunanta `httpd`, saitinta na `/etc/httpd`, tana gudu da sunan `apache`. A gidan Debian `apache2` ce, da `www-data`, da tsarin `sites-available` da `a2ensite` wanda ni dai na fi jin daɗinsa idan shafuka sun yi yawa. Debian da Ubuntu na kunna hidima da zarar ka saka ta, tun kafin ka saita komai, kuma katangarsu a buɗe take: Debian ba ta zuwa da doka ko ɗaya, Ubuntu na da `ufw` amma a kashe. Gidan Red Hat akasin haka, hidima ba ta tashi sai ka ce, `firewalld` kuma a tsaye yake idan daga faifai ka saka. Na fi yarda da wannan ɗabi'a. Kuma ko da ka kunna `ufw`, Docker, mai gudanar da manhaja a cikin kwantena, na rubuta dokokinsa ta bayan fage, ƙofar da ka buɗe wa kwantena tana fita duniya ba tare da `ufw` ya sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa mutane da yawa da hannunsu suke yin ta.

Abu ɗaya da nake kewa duk sanda na bar gidan Red Hat shi ne `dnf history undo`. Ka yi sabuntawa, abu ya karye, ka mayar da hannun agogo baya da umarni ɗaya, matuƙar tsoffin fakitocin na nan a rumbu. A Debian 12 sai ka buɗe `/var/log/apt/history.log` ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda dnf, magajin yum, na da ci. A kan ƙaramar sabar haya ta VPS mai RAM gigabait ɗaya ko ƙasa, musamman in ka ƙara rumbun ƙarin fakitoci na EPEL, yakan cika ƙwaƙwalwa har kanel ya kashe shi yana tsakiyar aiki, sai ka yi masa swap, wato aron wuri a faifai. Kuma kafin ya yi komai sai ya sauke jerin fakitoci mai nauyi, abin da ke da zafi ga sabar ofis da ke rataye da ɗan modem. Debian a ƙaramin inji sai ka manta tana nan. Idan kana da injuna da yawa a ofis ɗaya, `apt-cacher-ng` a kan guda ɗaya zai sa kowane fakiti ya shigo sau ɗaya tak, sauran su ɗiba daga gida. Ka kuma lura da faifai: gidan Red Hat na zaɓar XFS, wadda ake iya faɗaɗawa amma ba a rage ta, Debian da Ubuntu na zaɓar ext4.

Sai SELinux, dodon da ke korar mutane daga gidan Red Hat. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta fara fitar da shi a 2000. Aikinsa shi ne manna wa kowane fayil da kowace hidima lamba, ya hana hidima taɓa abin da ba nata ba ko da izinin fayil ya yarda. Labarin kullum ɗaya ne: ka ɗora shafi a gidanka na `/home`, ka yi `mv` zuwa `/var/www`, izini daidai, mai fayil daidai, amma burauza na cewa 403. Dalili shi ne `mv` na tafiya da tsohuwar lamba, `cp` kuwa na ɗaukar ta sabon wuri. Maganin `restorecon -Rv /var/www` ne. In shafin ya kasa kiran wata saba ta waje, misali ta biyan kuɗi, `setsebool -P httpd_can_network_connect 1`. Abin da aka hana kuma yana rubuce, `ausearch -m avc` zai nuna maka. Wanda ya koyi waɗannan ukun da `semanage fcontext` ya wuce mafi yawan wahalar, ya kuma samu katanga ta gaske: ɓarawon da ya shigo ta wani ruɓaɓɓen fulogin na WordPress zai tarar da kansa a ɗaki kulle. AppArmor na Debian da Ubuntu ya fi sauƙin hali, ba ya damun kowa, amma a yadda yake zuwa bai killace Apache ko Nginx ba. To amma mu faɗi gaskiya. Abu na farko da yawancinmu ke yi bayan saka Alma shi ne kashe SELinux, cPanel ma sai an kashe shi take yarda ta hau. In kashewa za ka yi, kada ka lissafa shi cikin dalilanka na zaɓar gidan.

Kan yawan kaya Debian ba ta da na biyu, fakitoci sama da 60,000 a rumbu ɗaya. A gidan Red Hat ainihin rumbun siriri ne, ko fail2ban da certbot da htop sai ka je EPEL, wanda masu sa kai na Fedora ke kula da shi, ba kuma da alkawarin shekara goma ba. Batun PHP ma kowane gida na da mutum ɗaya da duniya ta jingina da shi: Remi Collet a gidan Red Hat, Ondřej Surý a gidan Debian. Rumbunansu ne ke ba ka damar ajiye PHP iri uku ko huɗu a inji ɗaya, kowane shafi da nasa. RHEL 9 ta zo da PHP 8.0, wadda masu PHP suka daina kula da ita a Nuwamban 2023, amma Red Hat na ci gaba da ɗauko gyaran tsaro tana dasawa a tsohuwar lambar. Duka gidajen haka suke yi, shi ya sa manhajar binciken tsaro da ke duba lamba kawai take cika rahoto da jan rubutu. Idan mai bincike ya zo maka da irin wannan takarda, `rpm -q --changelog` ko `apt changelog` su ne shaidarka.

Kada wani ya ce maka gida ɗaya ya fi tsarki. A 2008 aka gano cewa wani gyara da Debian ta yi wa OpenSSL tun 2006 ya sa makullan SSH da ake ƙerawa a kanta da Ubuntu ana iya cankar su. Ƙofar bayan da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, wadda Andres Freund ya bankaɗo a Maris 2024, ba ta kai ga tsayayyen bugun ko ɗaya daga cikin huɗun ba, saboda dukkansu ba sa rawar jiki wajen karɓar sabon abu. Ɓarakar OpenSSH da Qualys ta sanar ranar 1 ga Yulin 2024, ranar da ƙanin nan nawa ya kira ni, ta taɓa Debian 12 da Ubuntu 22.04 da bugu na 9 na gidan Red Hat baki ɗaya, kuma kowa ya samu faci cikin kwanaki. Wanda ya kunna `unattended-upgrades` ko `dnf-automatic` shi ya tsira da wuri, ko a wane gida yake.

Tsakanin 'yan ɗaki ɗaya

Bayan abin da ya faru a 2023, Rocky ta dage sai ta ci gaba da zama kwafin RHEL sak, har da kurakuranta, tana samo asalin rubutun ta wasu hanyoyi, kamfanin Kurtzer na CIQ kuma ya haɗu da Oracle da SUSE suka kafa OpenELA, ƙungiyar raba asalin rubutun. Alma ta ce ita ta haƙura da zama kwafi, za ta tabbatar dai duk abin da ke gudu a RHEL yana gudu a kanta. A lokacin na ɗauka Alma ta yi rauni. Daga baya na ga 'yancin da ta samu ne ya ba ta damar dawo da tsoffin direbobi, ta yi zubin v2, wani lokaci ma ta riga Red Hat sakin faci. Ga aikin masaukin shafuka da tsoffin injuna irin namu, Alma nake ɗauka. Cibiyoyin binciken kimiyya na CERN da Fermilab ma ita suka ba da shawara a ƙarshen 2022. Rocky na da muhallinta inda ake gwada manhajar da dole ta yi hali irin na RHEL ƙwabo da ƙwabo, da manyan rukunonin kwamfutoci na lissafi. Kuma kada a manta, RHEL ɗin kanta kyauta ce ga mutum ɗaya har inji 16 ta rajistar masu gina manhaja, sai dai kowace shekara sai ka sabunta, in ka manta faci ya tsaya.

Tsakanin Debian da Ubuntu, Ubuntu ta fi yawan jama'a. Duk matsalar da ka rubuta a Google, amsar farko da Ubuntu aka yi ta, duk mai ba da hayar VPS yana da ita, yaron da ka ɗauka aiki jiya da ita ya koya. Kanel ɗinta ya fi sabunta ga sabon ƙarfe, tana da ZFS a hannu, tana da MySQL, alhali Debian tun bugu na 9 MariaDB kaɗai take bayarwa. Abin da ke gundurata da ita shi ne yawan kayan da ban nema ba: snap da ke sabunta kansa a lokacin da ya ga dama, netplan da fayil ɗinsa na YAML wanda tazara ɗaya a wurin da bai dace ba za ta raba ka da sabar da ke wata ƙasa, da tallar Pro a duk shiga. Kuma kamfani ɗaya ne ke da ita. Ban ce Canonical za ta yi abin da aka yi wa CentOS ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Idan masu rubuta manhaja ne da yawa ke shiga sabar, ko ma'aikata na yawan canzawa, Ubuntu LTS nake saka musu in yi rajistar Pro. Idan ni kaɗai ne, babu cPanel, babu mai sayar da kaya da ya kafa sharaɗi, Debian.

Sabar makarantar nan ba ta da fanel, injin tsoho ne marar AVX2, ƙanin nawa kuma yana nan tare da su ba inda za shi. Ba mu yi ELevate ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, sakamako kuwa saura mako uku ya fito, don haka muka bar ta a kan vault muka rufe duk ƙofofi sai 80 da 443 da SSH daga adireshin ofis kaɗai. Da aka yi hutu muka sayi sabon faifai muka saka Debian 12. Shafin sakamakon, wanda aka rubuta tun zamanin PHP 5.4, ya ƙi 8.2 ƙememe saboda yana kiran `mysql_connect`, aikin da aka cire tun PHP 7.0. Sai muka ɗauko 5.6 daga rumbun Surý muka ba shi tafkin FPM, wato wurin gudanar da PHP, nasa shi kaɗai da mai amfani na daban, muka ba makarantar zango ɗaya ta nemo mai sake rubuta shi. Tsohon faifan na naɗe shi a leda na rubuta kwanan wata a jiki, ya yi wata uku a durowar shugaban makaranta kafin mu goge shi. An sake rubuta shafin a zango na biyu, ba na farko ba, muka cire 5.6 a daren da aka gama gwaji.